Tukunyar da Ba Ta Ƙanzo

Yelwa, ƙasar Yawuri,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ɗiyata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Wara lafiya, ke da maigidanki da 'yan jikokina, Ummi da Binta. Allah ya sa hanya ba ta wahalar da ku ba, ya tsare ku daga sharrin mota da na ruwa, ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi wa baban su Ummi ya zame muku alheri. Na cusa takardar a kwandon kayan miya ne don na san shi za ki fara kwancewa tun kafin ki nemi inda tabarma take. Halinki ne tun kina ƙarama, sai ciki ya samu sannan a yi maganar sauran duniya.

Labari babu, tunda sa'adda za ki karanta ta jiya-jiya muka rabu. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya tun da kika fara ɗaure kaya. Na so in faɗa miki da baki, amma ni da ke mun san juna, kafin in kai ƙarshen zance kin riga kin tanadi amsa. Ita takarda ba a katse ta. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, ga ido ya fara ja da baya.

Maganar gwangwanin alawar nan ne da kike ajiyewa a saman kabad. Ranar da na zo taya ki ɗaurin kaya na ga yadda kike yi da shi. Kin raba wa yaran tsakar gida kashi biyu, kin ce wadda ta riga gama shara ita ke da alawa. Binta ta kaɗa tsintsiya nan da can kamar mai korar ƙuda, ta ɗaga murya ta ce ta gama. Ummi kuwa a lokacin tana fama da gindin randa, ta sunkuya tana zaƙulo dattin da ya maƙale a bayanta. Da ta ji ƙarar buɗe gwangwani sai ta jingine tsintsiyarta a bango a hankali, ta zagaya bayan madafa ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka ma da hankalina ya fi kwanciya.

Can da azahar na ce wa Binta ta miƙo mini buta. Ta karkace kai ta dube ni, ta ce, "Kaka, mi za ki ba ni?" Muka yi dariya, har da ni, don bakin yarinyar akwai zaƙi. Amma da na ja ki gefe na ce abin nan bai yi mini ba, kin tuna amsar da kika ba ni? Kika ce, "Haba Inna, ai wurinki niy yi gado. Ke da ƙanzonki hwa?"

Gaskiya kika faɗa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To tunda gadon nawa ne, bari in gaya miki abin da ke cikinsa, don ke daɗinsa kawai kika sani. Tsorona guda ne, kuma zan faɗa miki shi tun yanzu: kada Ummi ta tashi tana ganin ba ta da rabo a gidanku, yadda yayarki ta tashi a gidana.

Kin tuna tsohon gidanmu na bakin kogin Kwara, kafin ruwan dam ya haɗiye shi. Lokacin ina sana'ar gumi, kullum cikin turara shinkafa da shanya nake, ga goyo, ga kakarku ta wajen uba tsufa ya kwantar da ita. Babanku, Allah ya jiƙansa, yana kan ruwa da jirginsa yana kai albasa kasuwanni. Hannu biyu gare ni, aikin kuwa na hannu goma ne. Ku biyu kaɗai kuka tasa, yayarki da ke. Wankin tukunyar tuwo shi ne aikin da na fi ƙi a duniya, sai na yi dabara. Na ce daga yau in na ƙanƙare ƙanzo zan aje shi a faifai, duk wadda ta kai tukunya bakin ruwa ta dawo da ita fes, ƙanzon nata ne ita kaɗai. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan dabara, har maƙwabta na riƙa koya wa.

Da farko abin ya yi kyau. Ba a gama kwashe tuwo ba kin riga kin tsuguna a gindin murhu kina jira. Sai ga shi tuwonmu ya fara ƙauri. Yau ƙauri, gobe ƙauri, ni da na san hannuna. Babanku mutum ne mai kawaici, ya daure ya daure, ran nan dai ya ajiye loma ya ce, "Rabi, wai murhun ga hushi shikai da mu?" Na zargi itacen da Kambarawa ke kawowa, na zargi shinkafa, har tukunyar na zarga. Rannan na fita juya shanya, na manta muciya a hannuna, na dawo in ajiye. Sai ga ki kwance rub da ciki, kin tura itace har wuya kina hura wuta, kumatu kamar za su fashe. Kin gano cewa in wuta ta yi yawa ƙanzo ya fi kauri. Da kika gan ni ko gezau ba ki yi ba, kika ce, "Taya ki aiki nikai, Inna."

Na yi dariya har da riƙe ciki, kuma da kika wanke tukunyar na ba ki ƙanzon. Nan na fara kuskure. Ni a zatona wankin tukunya nake koya miki, ashe neman ƙanzo kika koya, kuma kin koya da kyau, har gidan duka ya ci ƙauri dominsa. Yaro ba wawa ba ne, Sa'a. In kika sa lada a gaba, aiki a baya, ladan zai kalla, kuma zai nemo gajeriyar hanyar zuwa wurinsa. Kin ce wadda ta riga gamawa, ba ki ce wadda ta share ba, to ga Binta nan ta ba ki abin da kika nema. Kada ki ga laifinta, ki je ki duba bayan ƙofa da gindin randa kafin ki taɓa gwangwani.

Daga nan gidana ya koma kasuwar Yelwa. Ƙanzo ya daina isarki. Ɗiban ruwa sai da alkawarin kan kifi. Surfe sai na ce zan roƙi babanku ya ɗauke ki a jirgi ranar kasuwa. Ni kuma don in huta da surutu sai in ce to, gobe farashi ya ƙaru. Har wata rana akuyar maƙwabta ta tsinke, ta afka wa shinkafar da na shanya, wadda ta mutane ce aka ba ni aikinta. Kina zaune a kan turmi kina kallo tana ci. Da na fito ina salati na ce me ya hana ki kora, sai kika ce, "Ai ba ki sa ma korar akuya komi ba." Ban doke ki ba, don na rasa ta inda zan fara. Ni na koya miki cewa kowane aiki da tsadarsa, wanda ba a yi masa tsada ba kuwa ai ba aiki ba ne.

Saboda haka ki kula, akwai ayyukan da bai kamata a taɓa yi musu ciniki ba. Miƙa wa babba buta, korar akuya daga shanya, ɗaga ƙane in ya faɗi, rufe randa in an gan ta a buɗe. Waɗannan ana yin su ne don gidan namu ne, kamar yadda ba wanda ke biyanki in kin dafa musu abinci. Ranar da Binta ta sake ce wa wani babba me za a ba ta, kada ki yi dariya kamar yadda muka yi. Ba sai kin doke ta ba. Ki ce mata, "Albarka za a sa miki," kuma ki tsaya har a sa mata ɗin, ta ji da kunnenta.

Yanzu bari in zo kan yayarki, don dominta na ɗauki alƙalami.

Duk tsawon lokacin nan da muke ciniki ni da ke, wa kike tsammani ke riƙe da gidan? Ita ke goyon ƙanenku daga safe har barci ya ɗauke shi. Ita ke zama gadin shanya a rana, tana korar kaji. Ita ke kai wa kakarku ruwan alwala, ta zubar mata da fo, ta gyara mata shimfiɗa. Irin aikin da ba ya ƙarewa, balle a ɗauko shi a nuna a ce ga shi na gama. Tukunya ana ganin ta wanku. Yaron da bai faɗa wuta ba kuwa wa zai lura da shi? Ga ta da sanyin jiki, komai sai ta bi shi a hankali. Kafin ta kwance goyo ta iso murhu, kin riga kin sungumi tukunya kin yi bakin ruwa. Ban hana ta ƙanzo ba ko sau ɗaya, haka na riƙa faɗa wa kaina. Ƙa'ida ce, kowa ya iya ya ɗauka.

Sau ɗaya ta gwada. Ta same ni tun da safe, kanta a ƙasa, ta ce, "Inna, yau ni za ni wanke." Na ce to. Da aka kwashe tuwon rana ta ɗauki tukunya da toka da soso ta tafi. Shiru, shiru, ba ta dawo ba. Ke kuma kin kafa mini kuka a gindin faifai, kina cewa ai kin ɗebo ruwa, ai kin yi kaza. Kaina ya yi zafi, ga la'asar ta kawo jiki ina son ɗora girki. Na tura miki faifan na ce ɗauki ki ba ni wuri.

Sai ga ta ta shigo da tukunya a ka. Ashe ba cikin kaɗai ta wanke ba, har baƙin bayan ta dirje da yashi, baƙin da ya shekara yana taruwa, wanda ba mai wanke shi. Tukunyar ta koma ja kamar ranar da aka sayo ta. Yatsunta duk sun yi fari sun tattare. Ta sauke ta a gabana, ta dubi faifai, ta ga ba komai sai ɓurɓushi. Wallahi magana ta zo mini har baki. Amma kakarku na zaune a ƙofar ɗakinta tana jin mu, kuma kin san ba a yabon ɗan fari, balle a gaban suruka. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kin daɗe." Ta ce, "Yi haƙuri, Inna." Ta koma ta ɗauki goyonta. Daga ranar ba ta ƙara kai hannu ga tukunyar tuwo da niyyar ƙanzo ba.

Alkawarin da kika yi wa yaro, ko na ƙwayar gyaɗa ne, kada ki ba wani don ya fi shi kuka. Kuma kada ki haɗa 'ya'yanki tsere a kan abu guda. Tsere mai sauri yake yi wa daɗi, mai sanyi kuwa tun yana gwadawa har ya gane ba da shi ake ba, ya jingine tsintsiyarsa. Abin da na ga Ummi ta yi ke nan, kuma na san shi, don na taɓa ganinsa.

Ita kunyar ɗan fari ba zan zage ta ba, da ita muka tashi. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta koma ga Allah. Ni ma yayarki "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan," har yau da take da 'ya'ya biyar. Amma na daɗe ina juya abin a raina, na ga su mutanen da ba haka kawai suka bar ɗan fari ba. In uwa ta kawar da kai, akwai kaka ko gwaggo da za ta janye shi jikinta, ta shagwaɓa shi, ta ɓoye masa tsoka a ƙarƙashin tuwo. Yayarki ba ta samu wannan ba. Kakar da za ta shagwaɓa ta, ita ce ma take jinya. Ni bakina a ɗaure, hannuna kuma da zai iya faɗa mata abin da baki ya kasa, na ɗaure shi da ƙa'idar da na ƙirƙiro da kaina.

To dubi Ummi. 'Yar fari ce, ga ta da sunana, kunya biyu ke nan a kanki. Na lura ko kallonta ba kya son yi in da mutane. A nan Yelwa ban damu ba, don in ta sha kaye a gidanku takan gangaro wurina, mu yi faɗanmu na takwara da takwara, in tsokane ta ta tsokane ni, ta koma da abu a ƙulle a bakin zane. A Wara wa za ta gangara wurinsa? Ke kaɗai gare ta yanzu. Sai ki zama uwar, ki zama kakar. In ba za ki iya a gaban mutane ba, ɗaki yana da ƙofa, ki ja ta ciki ki ce mata sannu, kin ga abin da ta yi.

Kada ki karanta wannan ki ce Inna ta mai da ni muguwa. Ke ba muguwa ba ce, yarinya ce mai wayo da aka buɗe wa kasuwa. Na san abin da ke cikinki, don na gani. Shekarar da aka tashe mu muka dawo sabon gida, zazzaɓi ya kayar da ni, na yi kwanaki ban san inda kaina yake ba. Ba wanda ya yi miki alkawarin komai, amma kika shiga madafa kika tuƙa tuwo, duk da ya yi gudaji babanku ya cinye yana sa albarka. Da na warke na sayo miki ɗankwali, na miƙa miki na ce ga ladanki. Sai kika ɓata fuska, idonki ya kawo ruwa, kika ce, "Ni ba don wanga niy yi ba." Na yi mamaki, ke da ba a taɓa miƙa miki abu kin ƙi ba. Daga baya na gane zaginki na yi. Kin ba ni kyauta, ni kuma na mai da ke 'yar ƙodago. Da na ce ga tsaraba don na ji daɗi, da kin karɓa da rawa. Kin ga ke nan sunan da aka kira abu da shi ma yana da nauyi.

A wannan ciwon, yayarki ce ta wanke mini zannuwa, ta riƙa ɗaga kaina tana ba ni kunu. Ita ko ɗankwalin ba ta samu ba. Naki aikin ya ba ni mamaki, nata kuwa na saba da shi kamar yadda aka saba da ruwan randa.

Kin san ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Tun da aka kai ta ƙauyen mijinta na bakin tafkin dam, duk jirgin da ya taso sai ta aiko mini da banda. In na yi ciwo ita ke fara zuwa. Amma ki tuna da kyau, kin taɓa jin ta roƙe ni wani abu? Ke kam ba kya shigowa gidan nan ki fita hannu wofi, ko daddawa ce sai kin buɗe tukunya kin ɗiba, ina faɗa kina dariya. Ita ko allura ba ta taɓa cewa in ba ta ba. Mutane na yaba mini ita, suna cewa ɗiyarki ba ta da kwaɗayi. Ni kuwa in sun faɗa sai in ji kamar an soka mini ƙaya, don na san ɗan da ya sakankance da uwarsa roƙonta yake yi.

Da ta haifi na ukunta na je na zauna da ita, wannan kin sani. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne abin da ya faru a madafarta. Rannan na tuƙa tuwon shinkafa, na bar shi ya kama da gangan. Na ƙanƙare ƙanzon, na yayyafa masa man gyaɗa da ƙuli da ɗan yaji, na kai mata ɗaki da hannuna na ajiye a gabanta. Ta dube shi, ta yi murmushi, ta ce, "Wanga ba nau ba na, Inna, ai ban wanke tukunya ba." Ba da fushi ta faɗa ba. Da da fushi ne da na samu abin ba da haƙuri a kai. Cikin wasa ta faɗa, kamar mai tuna mini wata ƙa'ida da kowa ya sani, ta tura wa yaranta kwanon.

Yaran suka kewaye shi suna leƙe. Babban ya ɗago ya ce, "Kaka, mi na wanga?" Yaro ɗan ƙasar shinkafa, ya isa shiga jirgi da ubansa, bai san ƙanzo a gidansu ba. Sai da na sa ido na ga dalili. In yayarki na tuwo ba ta matsawa daga murhu. Tana tsaye da muciya, da ya kusa kamawa sai ta janye itace. Tukunyarta ba ta ƙanzo, Sa'a. Ta hana shi samuwa gaba ɗaya, don kada a samu abin da za a ba wani a hana wani. Na zagaya bayan wurin banda na yi kuka mai isata. Da na fito na ce hayaƙi ne, ba kuma wanda ya yarda.

Ban ce ki zubar da gwangwaninki ba. Yaro na son zaƙi, mu ma manya muna so, kuma yabon gwani ya zama dole. Sauke shi dai daga saman kabad, ya daina zama alƙalin gidanki. Ki ba kowace aikinta daidai ƙarfinta, wanda ba mai ƙwace mata. Binta ta yi aike da kai-kawo tunda ƙafarta ba ta zama, Ummi ki bar mata abin da ke son natsuwa, tsintar shinkafa, jeran kwanuka, kuma kada ki tsaya a kanta kina cewa yi sauri. In za ki ba da alawa, ki bayar bayan an gama ba tare da kin yi shela tun farko ba, yau ki bayar, gobe godiya kawai. Wani lokaci ki ɗauki tsintsiya ku yi tare kuna hira, ni ban taɓa yi da ku ba, kullum aike nake daga nesa. Wata rana kuma, ba a yi aikin komai ba, ki kira su ki ba kowa, don su san akwai abin da ake samu a gidan uwa saboda kawai an haife ka a cikinsa.

Na gwada wannan na ƙarshen, in kina son sani. Ana gobe za ku tashi, Ummi ta zo mini sallama ita kaɗai. Na ɗauko ƙanzo mai kauri na miƙa mata. Ba ta karɓa ba, ta ɓoye hannu a baya ta ce, "Kaka, mi niy yi?" Na ce, "Ba ki yi komi ba, takwara. Naki na." Ta karɓa tana kallon ƙofa, ta ce, "Ba za a amshe ba?" Na ce duk wanda ya amshe shi da ni ne. Ta zauna a gefen gadona ta ci a hankali, yadda take komai, har ɓurɓushin ta lashe. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zanenta, ta ce, "Kaka, akwai saura in tahi da shi mota?" Na ce ja'ira, ashe ke ma kin iya. Na ɗaure mata wani. Ba ki san daɗin da na ji ba. Tana roƙo har yanzu, ke nan ba mu makara ba. Ki yi ƙoƙari kada bakin nan ya rufe.

Saura aike guda. In kin ɗaga albasar da ke ƙasan kwandon nan za ki ga ƙulli a farin ƙyalle. Ƙanzo ne busasshe, na jima ina tara shi, duk wanda ya fi kyau nake warewa. Ba naki ba ne, kada ki taɓa, na san hannunki. Yanzu tsakaninki da yayarki ba nisa, in kun natsu ki shiga jirgin kasuwa ki je ki gaishe ta, ki tafi da yaran. Ki ba Ummi ƙullin ta miƙa mata da hannunta. Na san abin da za ta ce, za ta yi murmushi ta ce ba nata ba ne. In ta faɗa, ki zaunar da ita, ki buɗe takardar nan, ki karanta mata wannan wurin yadda na rubuta shi, kada ki rage komai, kada ki yi mini gyara:

Lubabatu, ɗiyata ta fari. Tukunyar nan ta wanku, ban taɓa ganin wadda ta wanku kamarta ba. Na gani tun ranar. Sannu da aiki, Lubabatu. Ga ƙanzonki.

Na rubuta sunan, kuma ban ga rufin ɗaki ya faɗo ba. In Allah ya kai mu bayan girbi zan zo da kaina in gwada da baki.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce ina yi masa fatan alheri a sabon wuri. Ki ja kunnen yaran kada su saba da zuwa bakin ruwa su kaɗai, tafki ba Kwarar da kika sani ba ce, iska na tayar da shi ba sallama. Ki shafa mini kan Binta, ki ce butata na nan tana jiranta. Takwarata kuwa ki kira ta ɗaki ki gaishe ta, ke da kanki.

Allah ya tsare ku da tsarewarsa, ya kare ku zaune da tafe, a tudu da kan ruwa. Allah ya shirya miki zuriya, ya haɗa kansu, ya sa su ji ƙanki fiye da yadda kuka ji ƙaina. Allah ya yi muku albarka, ke da 'yar'uwarki. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini.

Wassalam.

Innarki,
Rabi.